Bango Sumul Da Fitila Mai Sanyin Haske

Uwargida, in kin gama karanta wannan fili ina so ki tashi ki shiga makewayinki ki dubi bango. In na tayil ne kada ki tsaya duban tayil ɗin, shi kam kullum cikin sheƙi ya ke. Dubi 'yan layukan nan da ke tsakani, inda magini ya cusa farin siminti. Ran da aka gama aikin fari fat su ke, har maƙwabta suka zo ganin gida suna yabawa. Yau fa? In gidan ya ga damina biyu ko uku na tabbata sun yi baƙi, kin dirje su da buroshi har kafaɗa ta gaji, bayan mako guda kuma sun koma yadda su ke.

Ba ƙazantarki ba ce. Simintin nan na tsakanin tayil yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, yana shan ruwa kamar sabon tulu. Kumfar sabulu da maiƙon jiki su kan shige ciki su zauna, funfuna kuwa abincinta ke nan. Bari mu yi ɗan lissafi. Makewayi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 6, in aka yi masa tayil har tsayin ƙafa 7, aka cire wurin ƙofa, zai ci tayil wajen 150, irin mai ƙafa ɗaya kowane gefe. Kowane tayil kuwa yana zuwa da layinsa na ƙafa 2. Watau ƙafa 300 ke nan, yadi 100 na layin da za ki bi da buroshi. Wace mace ke da wannan sukuni, ga girki ga yara?

Wannan ne ya sa masu gina manyan masaukai suka koma yayin wani irin ɗakin wanka wanda bangonsa ba shi da gaɓa ko ɗaya, tun daga ƙasa har rufi, sumul kamar bayan ƙwai. Turawa su kan kira irin wannan wuri da sunan wani gari na ƙasar Beljiyam, Spa, inda mutane suka daɗe suna zuwa wanka a maɓuɓɓugansa don neman lafiya. Na san kin sha ganin hotunansa a waya. Abu biyu ne ke sa mai shiga ta ji jikinta ya saki, watau bangon nan marar gaɓa, da haske wanda ba ya dukan ido. Furanni da tawul naɗaɗɗe da su ke jerawa don ɗaukar hoto, waɗannan kwalliya ce kawai. Amma fa ba Turawa suka ƙago abin ba. Aro suka yi, mafi yawa daga mutanen Maroko.

A birnin Marakesh, wanda aka kafa wajen shekara ta 1070, kusan kowace tsohuwar unguwa tana da gidan burodinta, da wurin ɗiban ruwanta, da gidan wankanta wanda su ke kira hammam. Maza da lokacinsu, mata da nasu, wani wurin ma kowa da ƙofarsa. Mace ta kan ɗauki bokitinta da sabulunta ta tafi sau ɗaya a mako, ta yi sa'a biyu ko uku a ciki. Da fari ta shiga ɗaki mai sanyi ta tuɓe, sa'an nan mai ɗumi, sa'an nan na can ƙurya mai zafi inda tururi ke tashi. Ta shafe jikinta da wani baƙin sabulu mai laushi kamar man shanu wanda a ke yi da zaitun, ta zauna har fata ta jiƙu, sa'an nan a dirje ta da wata safar hannu mai kaushi har tsohuwar fata ta riƙa murmushewa tana zuba. Can ne mata ke jin labarin unguwa, can ne kuma a ke kai amarya wanka kafin biki. A bayan ginin akwai mai hura wuta, shi ke ɗumama ruwa da daɓen ƙasa. Mutanen garin har tukunyar nama su kan kai masa, wadda su ke kira tanjiya, ya binne ta cikin toka mai zafi ta kwana tana nuna.

To, ki tuna bangon wannan wuri. Kowace rana ta duniya yana cikin tururi, ruwa na gangarowa a kansa tun asuba har dare. Wane irin shafe ne zai jure wannan? Sunansa tadalakt. Kalmar daga Larabci ta fito, ma'anarta murzawa, aikin kuwa duk murza ne.

YADDA SU KE YIN SA

A kewayen Marakesh akwai wani irin dutsen farar ƙasa. Su kan ƙone shi a matoya, su yayyafa masa ruwa ya farfashe ya zama gari, su tankaɗe. Wannan gari shi a ke kwaɓawa da ruwa, in ana son launi a zuba garin ƙasa mai launi, ja ko rawaya ko ruwan toka. Bangon da za a shafa ba a son shi da santsi, sai mai ɗan kaushi don shafen ya sami abin kamawa, a kuma jiƙa shi tukuna. Sa'an nan gwani ya ɗauki cokalinsa ya shimfiɗa hawa na fari, ya dakata kaɗan, ya bi da na biyu tun na farin bai bushe ba. Duka kaurin bai fi kwatan inci ba.

Daga nan sai jira. Gwanin ya kan riƙa taɓa bangon da yatsa. In ya yi garaje shafen ya biyo hannunsa, in ya yi nawa kuma ya ƙi murzuwa. Da ya ji ya kai, sai ya danne shi da cokali ya matse, sa'an nan ya ɗauko wani ɗan dutse mai tauri mai santsi, wanda bai fi cikin tafin hannu ba, ya shiga murza bango yana kewayawa kaɗan kaɗan, taki bayan taki, har ƙofofin nan su rufe, fuskar bango ta soma ƙyalli. Bango guda ba a raba shi kwana biyu. In aka fara sai an kai kusurwa, gama inda aka tsaya nan tabo zai fito.

Sa'an nan a zo ga abin mamakin. Baƙin sabulun nan na zaitun da matan ke wanka da shi, shi a ke damawa da ruwa a shafa wa bangon, a sake bi da dutse. Kin san dattin nan fari-fari da ke manne wa baho in kin yi wanki da ruwan rijiyar da ba ya kumfa, wanda ko kin zuba ruwa ba ya narkewa? Abin da ke faruwa shi ne maiƙon sabulu ya gamu da farar ƙasar da ke cikin ruwan, suka zama wani abu dabam wanda ruwa ba ya ci. A bahonki ɓarna ce. A bangon Marakesh kuwa ita a ke nema. Sabulun ya shiga fuskar shafen ya haɗu da farar ƙasa, su zama wata siririyar fata wadda ruwa ke zamewa a kanta kamar a bayan agwagwa. Can ciki kuma farar ƙasar tana shaƙar iska a hankali tana komawa dutse kamar yadda ta ke tun asali. Shi ya sa ba a sakar wa sabon tadalakt ruwa sai ya yi kamar wata guda. Da ya ke kuma farar ƙasa tana da kaifi irin na kanwa, funfuna ba ta jin daɗin zama a kanta.

In kika shafa shi da hannu za ki ji kamar kin taɓa dutsen kogi. Launinsa ba ɗaya ba ne ko'ina, wani wuri ya ciza wani wuri ya yi haske, kamar gajimare. Da shi a ke lulluɓe bango da dakali da kwatamin wanke hannu gaba ɗaya, ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Kada ki ce wannan hikima ta yi nisa da mu. Maginanmu na dā suna da laso, wanda su ke haɗawa da katsi na marina, da gashin jima, da ruwan dafara. Da shi a ke shafe rufin soro don kada ya yi yoyo, da shi kuma a ke shafe cikin karofi, ramin da zai riƙe ruwan baba shekara da shekaru. Daɓen ɗakin amarya kuwa aikin mata ne tun fil azal. A baza tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, mata su jeru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi. Kakarki ba ta san tadalakt ba, amma ta san cewa abin da aka danne aka murza shi ke ƙin ruwa. Abin da ya ɓace mana shi ne masu yi. Yau in kin ce a kira miki mai haɗa laso, sai an sha yawo.

Yanzu bari in gaya miki aibinsa, gama masu tallarsa ba za su gaya miki ba. Tadalakt ba ya shiri da tsami ko kaɗan. Lemon tsami, ruwan tsamiya, ruwan kal, da magungunan wanke masai masu kaifi, duk suna cin fuskarsa su bar tabo. Bilic ma yana kashe fatar sabulun nan. Ba a dirza shi da soson ƙarfe. Lalle da rinin gashi da man kitso, in suka fantsama aka bar su suka kwana, sun zauna ke nan. In aka buge shi da bakin bokitin ƙarfe ya ɓantare, ana iya cikewa, amma facin ba ya ɓoyuwa. Wankinsa da ruwa ne da tsumma mai laushi, kuma lokaci lokaci a dama baƙin sabulu a sake shafa masa, kamar yadda ki ke shafa wa fatarki mai. Ga hunturu kuma. Farar ƙasa tana son ta bushe sannu sannu, in iskar hunturu ta buge ta tana ɗanya sai ta tsattsage, don haka in a lokacin za a yi aikin tilas a rufe taga da ƙofa. Ɗanyen kwaɓin kuwa yana ƙona fata, in ya shiga ido ya yi ɓarna, kada a bar yara kusa.

A ganina, gidan da ke da yara shida da makewayi guda, kowa na shiga da bokitinsa, ba gidan tadalakt ba ne. In kina da ɗan makewayi naki na cikin ɗaki, kuma an sami wanda ya koyi aikin a hannun gwani, to, bismilla. Wanda ya ce miki ya gani a waya zai iya, ki sallame shi da girma da arziki.

Akwai na biyu, na zamani, wanda magina ke kira maikurosiminti. Garin siminti ne mai laushi ƙwarai da aka gauraya da wani ruwan danƙo. A kan shimfiɗa raga ta zaren gilashi a bango, a bi ta da shafe hawa hawa, kowane hawa a goge shi, duka kaurin milimita 2 zuwa 3, kamar tsinken ashana. Daga ƙarshe a rufe da wani man da ke bushewa garau kamar gilashi. Amfaninsa babba shi ne ana iya yin sa a kan tsohon tayil ba sai an fasa ba, muddin tayil ɗin bai saki ba. Ya kuma fi tadalakt haƙuri da sabulan wanki. Amma ki sani ƙarfinsa duk a man nan na sama ya ke. In ya goge bayan 'yan shekaru sai an sabunta, in ba haka ba ruwa ya shiga.

Na uku shi ne na mai ƙaramin ƙarfi, ba kuwa abin rainawa ba ne. A yi filasta da yashi mai laushi wanda aka tankaɗe, a zuba maganin hana shan ruwa a cikin kwaɓin, magini ya goge fuskar da cokalin ƙarfe har ta yi sumul. A riƙa yayyafa mata ruwa mako guda, a bar ta ta bushe sarai wajen wata ɗaya, sa'an nan a shafa fenti mai jure ruwa. In kuwa maigida ya kafe sai tayil, ki roƙa a sayo manya, masu ƙafa 2 da ƙafa 4, a matse tsakaninsu. Yadi ɗarin nan zai koma ƙasa da arba'in.

Kowanne kika zaɓa, ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo. Ki ce wa magini kada ya bar kusurwa mai kaifi inda bango ya gamu da bango, ko inda ya gamu da ƙasa. Ya cika wurin da kwaɓi ya bi shi da gindin kwalba ya lanƙwasa. A kusurwa datti ke maƙalewa, a nan kuma tsaga ke farawa.

ABIN DA KE ƘARƘASHI

Bango sumul ba ya rufa wa mugun gini asiri. Tayil ya kan ɓoye tsaga, shi kuwa wannan in bulon da ke bayansa ya motsa, nan da nan za ki ga layi ya fito a fuska. Saboda haka sabon gini a bar shi ya zauna tukuna, kada a yi ɗokin tarewa. Bututun ruwa da za a binne cikin bango kuwa, a sakar musu ruwa a bar su kwana ɗaya ko biyu a gani ko suna ɗiga kafin a rufe. In an rufe aka ga yoyo daga baya, sai fasa bango, kuɗin shafe ya tafi a banza. Ƙasan makewayi da bangon wajen wanka a shafa musu maganin hana ruwa kafin shafen ado ya hau. In an gama, a toshe magudana, a cika ƙasan da ruwa ya kwana ya yini. In ruwan ya ragu, ko bayan bango ya jiƙe, aikin bai yi ba.

Gangare kuma, inci ɗaya cikin kowace ƙafa 4, ya nufi magudana. Kada ki yarda da faɗar baki. Ɗebo bokiti ki kwara a gaban magini, ku tsaya ku gani tare. In ruwa ya kwanta a wani lungu, to, nan za ki riƙa kora shi da tsintsiya muddin kina gidan.

Sumul ɗin nan fa na bango ne, ban ce na ƙasa ba. A nan ne mutane ke kuskure, su ga bango ya yi kyau su ce a zarce da shi har ƙasa. Daɓe mai santsi in ya gamu da kumfa tarko ne. Tsohuwa in ta zame ta karya ƙugu, sau da yawa ba ta sake tashi da ƙafafunta. Mai ciki ma haka. Ƙasa ta zama mai ɗan kaushi wadda tafin ƙafa ke kamawa. A kafa ƙarfen dafawa a bango daidai ƙugu, a kafa shi cikin bulo sosai yadda zai ɗauki nauyin mutum. A kuma gina ɗan dakali, tsayinsa kamar ƙafa ɗaya da rabi, irin na gidajen wankan Maroko. Maijego za ta gode miki, ke ma ran da za ki goge kaushi za ki gode wa kanki.

HASKE

In kika ɗaga kai a tsohon hammam ba za ki ga taga ba. Ƙubba za ki gani, an huda ta wuri wuri, an toshe kowace huda da gilashi. Haka ya ke a gidan wankan Cemberlitash na birnin Santambul, wanda babban magini Sinan ya gina a 1584, haka kuma a gidan wankan fadar Alhambra ta Granada a ƙasar Sifen, ginin ƙarni na 14, inda aka yanka hudojin da siffar taurari. Rana ta kan shigo siriri siriri ta ratsa tururi. Ba mai leƙen na ciki, ba kuma hasken da ke soke ido. Darasin ke nan: haske kaɗan kaɗan daga wurare da yawa ya fi babban haske daga wuri guda.

Mu ma mun san wannan. Alkukin nan da kakanninmu ke sarawa a bangon ɗaki su ajiye fitilar aci-balbal, ai hasken ba ido ya ke duka ba, bango ya ke duka ya dawo a sanyaye. Yau kuwa sai mai gyaran wuta ya rataya ƙwai guda fari tas a tsakar rufi ya tafi abinsa. Ki shiga da dare ki ji kamar an kai ki ɗakin tiyata, ki dubi madubi ki ga ƙarƙashin idonki ya yi rami, ki ce ko ciwo ke damunki. Inuwa ce kawai, don hasken daga bisa kanki ya sauko.

Gyaran wannan ba wuya. In kin je sayen ƙwan lantarki irin na LED, juya kwalin ki duba lamba mai harafin K a ƙarshe. Mai 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi wanda ya cika kasuwa. Mai 2700K ko 3000K shi ke ba da haske mai ruwan zuma, irin na hantsi ko na la'asar sakaliya, shi za ki saya. Ban da daɗin ido, masu bincike sun gano cewa haske mai ƙarfi mai shuɗi da dare yana jinkirta barci, ke kuwa wankan dare don ki yi barci ki ke yinsa.

Fitila uku ƙanana sun ishe ki, kowace da makunninta. Ta fari a ɓoye ta a bakin rufi ko cikin alkuki, ta haska bango, ke kuwa ba ki ganin ƙwan. A nan tadalakt ke nuna kansa, gajimaren nan nasa duk ya fito. Amma ki lura, hasken da ke bin jikin bango yana tona kowane tudu da kwari, in filastarki ba ta miƙe ba gara a janye fitilar nesa da bango kaɗan. Ta biyu ta madubi ce, a raba ta biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai tsayin fuskarki, a rufe su da gilashi mai hazo. Wannan kam ta zama mai ɗan ƙarfi, gama kwalli ba ya son duhu. Ta uku 'yar ƙarama ce can ƙasa kusa da ƙofa, wadda za ta kwana a kunne saboda yara da tsofaffi masu fita da tsakar dare. Da ya ke wutar lantarki ba ta da alkawari, wannan ta ukun ta zama mai caji ko mai aiki da hasken rana. Da rana kuwa taga ce fitilarki. A yi ta can sama, fiye da tsayin mutum, da gilashi mai hazo.

Ruwa da lantarki ba su ga maciji da juna, jikin da ya jiƙe kuwa wuta ta fi saurin kama shi. Fitilar da za ta zauna kusa da ruwa ki duba kwalinta ki ga an rubuta IP44, wannan tana jure fantsama. Wadda za ta zauna bisa wurin wanka kanta, IP65 ta fi. Makunni a sa shi waje, bakin ƙofa. Kada a sa soket kusa da wurin wanka, kada kuma a shiga da waya tana caji. Ki sa maigida ya tambayi mai gyaran wuta ko an ja wayar ƙasa, ko kuma akwai na'urar nan mai yanke wuta da kanta in ta soma bin jikin mutum, wadda a ke rubuta 30mA a jikinta. Hitar nan da a ke tsomawa cikin bokiti, a zare ta daga wuta kafin a sa hannu a ji ɗumin ruwa, a kuma koya wa 'yan mata haka tun suna ƙanana.

Saura turare. Na san ba za ki gyara wuri haka ki bar shi ba ƙamshi ba, za ki so ki shiga da kasko. To, ki ji. Garwashi yana fitar da wata iska wadda ba ta da wari ba ta da launi, a ɗaki rufaffe ta kan sa ciwon kai da jiri, mutum ya faɗi bai sani ba, har ta kai ga rasa rai. Makewayi ƙarami ne, bangon nan sumul kuwa ba ya da kafar da iska za ta bi. Turara wurin ƙofa a buɗe, ki fitar da kaskon, sa'an nan ki shiga. Tagar nan ta sama ma ki bar ta a buɗe bayan kowane wanka har bango ya bushe, in babu taga a sa fankar da ke zuƙe tururi ta fitar waje. Kyandir da ki ke gani an jera a hoto, a makewayin da a ke shiga da zane da mayafi ba wurinsa ba ne.

Mai zaman haya, ke ba ki da ikon fasa bangon mutane. Canja ƙwan fitila, ki kankare tsohon simintin tsakanin tayil a cusa sabo, ki kwashe tarkacen robobin da suka cika taga ki zuba cikin kwando guda. In za ki wanke da bilic kada ki gauraya shi da wani magani, musamman mai tsami, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu.

Ke kuwa mai shirin gini, kafin a biya kuɗin kaya ki sa mai shafen ya yi miki gwaji a kan ɗan allo, ƙafa 2 da ƙafa 2, da irin kayan da launin da zai yi aikin da su. In ya bushe ki kai shi makewayin ki jingine. Ki dube shi da safe, ki dube shi da dare a hasken fitilar da kika saya, gama launi ya kan sāke. Ki watsa masa ruwa ki gani ko zai gangare ko zai shanye. Ki ɗiga masa lalle a gefe guda, man kitso a ɗaya gefen, ki bar su sa'a guda ki goge. Allon ya yi mako biyu a nan ana wanka kusa da shi, sa'an nan ku yi ciniki.